Wuƙar Aljihu: Daga 'Yankaba Zuwa Wata Maƙera A Kaugama

Ranar wata Asabar cikin Nuwamban 2024 na bar Kano, ana idar da sallar Asuba. Aikin koyarwa ne ya kai ni Kaugama, a ƙasar Haɗeja, ni kuwa haifaffen Gwammaja ne, ban taɓa kwana a gabas da Gezawa ba. Kayana ba su da yawa: akwati ɗaya, katifa a naɗe, buhun littattafai, sai ɗan risho da maiɗakina ta dage sai na tafi da shi. Ita da yara suka zauna a gida tukuna, sai na ga kamun ludayin wurin. A daren da zan tashi mun zauna mun lissafa komai, har allura da zare, amma babu wanda ya ambaci wuƙa.

Ba mantuwa ba ce. A Kanon yanzu mutumin kirki ba ya fita da wuƙa a jikinsa. 'Yan daba da masu ƙwacen waya sun ɓata mata suna, har ta kai idan aka laluba aljihun saurayi aka same ta, ba a tsayawa tambayarsa me zai yi da ita. Wuƙa a wurinmu ta ɗakin girki ce, ta mahauci da mai tsire, sai kuma wadda ake zarowa daga ƙarƙashin gado ranar Babbar Salla. Da wannan tunanin na shiga mota.

A tashar 'Yankaba na sami ƙaramar mota mai zuwa Gujungu, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Naira 4,000 aka karɓa a hannuna, da 1,000 ta kaya. Wani dattijo da muke matse kafaɗa da kafaɗa ya ce kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko rabin wannan ba ya biya, shi ya sa yanzu sai ta kama dole yake shiga birni. Yaron mota ya ɗaure katifata a saman but da igiyar roba, ya ƙulle ta ƙulli a kan ƙulli.

Muka wuce Gezawa, muka wuce Zakirai, gari yana wayewa. Kaka ce, ko'ina gona a share, an tara kara, an jingina riɗi tsaye dami-dami yana shan iska. Daga Ringim zuwa gaba ƙasa ta fara sauya launi, jar ƙasar da na saba gani tana ja da baya, farin rairayi yana shigowa, irin jigawar nan da jihar Jigawa ta samo sunanta a 1991. A Majiya, cikin ƙasar Taura, motar ta yi tsit. Nan ne tankar mai ta kife ta kama da wuta a daren 15 ga Oktoba, wata guda kafin wucewarmu, ta ci rayuka fiye da 150. Direba ya rage gudu, kowa ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a. Wata mata a gaba ta ce akwai ɗan ƙanwarta a ciki. Har muka isa Gujungu babu wanda ya sake magana.

Gujungu mararraba ce, kuma washegari Lahadi kasuwarta ke ci, don haka tun ranar manyan motoci sun fara jeruwa a bakin titi. Na sha shayi da burodi, na canza mota, kafin Azahar ina Kaugama. Na kai takardata inda ake kaiwa, aka sa hannu, aka haɗa ni da wani malami ya kai ni masauki.

Gidan wani dattijo ne manomi, mai shago a jikin zaure, da ƙofarsa ta waje. Na tambayi kuɗin haya, ya ce, “Malam, yau ka zo. Ka kwana, ka tashi, ka sha ruwan garin tukuna. Zancen kuɗi ba ya ruɓa.” Sai da na yi wata guda cur kafin ya yarda muka yi maganar, abin da ya faɗa kuwa na shekara bai kai abin da ake biya na wata uku a irin wannan ɗaki a unguwarmu ba. Kafin in gama shigar da kaya an aiko da fura da nono a ƙwarya, nonon da kaurinsa, ba irin wanda ake tsinka mana da ruwa a birni ba. Da dare tuwon dawa ne da miyar kuka, an marmasa busasshen kifi a ciki. Haka aka yi ta aiko mini har kwana bakwai, rishon nan ko ashana ban ƙyasta masa ba.

A ranar farko ɗin nan ne zancen wuƙa ya taso. Ƙullin da yaron mota ya yi wa katifata ya ƙi kwantuwa. Na sa farce, na sa ɗan makulli, ya ƙi. Jikan mai gidan, yaro ɗan shekara goma sha biyu, yana tsaye yana kallo. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar wuƙa cikin kube, ya juya ta, ya miƙo mini ta ƙota. Gabana ya faɗi da na ga wuƙa a hannun yaro, na dubi kakansa in ga ko zai tsawata. Ko a jikinsa. Cewa ma ya yi, “Yanke daga gefen ƙullin, Malam, igiyar za ta yi wani amfanin.”

Cikin mako guda na ari wuƙar yaron nan ya fi sau goma. An kawo mini kankana daga gona, sai da wuƙa. An sayo rake, sai da wuƙa. Ɗinkin bakin buhu, gyaran asuwaki, ɓare rogo, yanke igiyar shanya. Na fara lura da mutanen garin: manomi yana da ita, makiyayi yana da ita, mai amalanke yana da ita don igiyar shanunsa, malamin tsangaya yana fiƙe alƙalami da tasa, kaza in za a yanka ba a shiga gida neman ta mata. Babu mai ɓoye ta, babu kuma mai nuna ta. Ran nan da yamma muna zaune a dakali, mai gidana ya ce, “Malam, namiji a nan ba ya yawo hannu rabbana. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ka nemi taka.”

Na ce, “To Baba, wace iri zan nema?”

Ya ce, “Je ka ka gani da idonka. Ni in na zaɓar maka, tawa na zaɓa.”

Lahadin da ta zagayo na koma Gujungu. Kasuwa ce ta hatsi da dabbobi, buhunan gero da riɗi da zoɓo jibge kamar ganuwa, ƙura ta tashi har ba ka ganin ƙarshen layi. Can wajen 'yan koli na sami masu wuƙaƙe. Ni a lokacin wuƙar aljihu a wurina ita ce mai lanƙwashewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota, don ita na saba gani a hoto. Irinta kuwa ga su nan birjik a tabarma, masu ƙyalli, 'yan Sin, wata da ɗan almakashi a jiki, wata da mabuɗin kwalba, daga naira 1,200 zuwa 2,000.

A gefe akwai wani Badamagare da ya shigo ta Maigatari da kayansa. Da ya ji harshena ya gane Bakano ne, sai da muka taɓa wasan da ke tsakaninmu kafin a shiga ciniki. Ya kwance wani ƙyalle ya nuna mini guda biyu da ba ya shimfiɗawa a tabarma. Ta farko Okapi ce, mai ƙotar katako da adon wata da taurari, da zobe a bayanta wanda sai ka ja shi ruwan ke sakuwa. In ka buɗe ta tana ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana murɗa agogon da. Wuƙa ce mai tarihi: a garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902, don kasuwar Afirka aka yi ta tun asali, a 1988 kuma aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ta biyu Douk-Douk ce ta Faransa, wadda ake yi a garin Thiers tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne aka ninka, shafal kamar mataji, ta yi suna a ƙasashen da Faransa ta mulka. Naira 7,000 ya sa wa Okapi, ya kuma gaya mini gaskiya cewa jabunta sun fi na ainihi yawa a kasuwa, in ban san ƙarfe ba in yi hankali. Ɗayar ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta mahaifinsa ce.

Na juya kuɗin a raina, albashi bai shigo ba. Na koma tabarmar farko na ɗauki mai ƙyalli ta naira 1,500.

Kwana goma sha biyu ta yi. Rairayin Kaugama ba ya barin komai: ya shiga gaɓar da take lanƙwashewa, in ka buɗe sai ka ji tana gurza. Ruwan rake ya bi ya daskare a ciki. Bakinta ya dakushe, na kai ta dutsen washi, ƙarfen yana zamewa, ba ya ɗaukar kaifi. Ranar da nake yanke wata igiya ƙusar tsakiyar ta saki, ruwan ya rufo mini a kan yatsa. Allah ya taƙaita, fata ce kawai ta yanke. Mai gidana ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce, “Araha ba ta ado,” ya ba jikansa ya cire almakashin ya kai wa mata.

Malamin da ya kai ni masauki mutumin Haɗeja ne, duk Juma'a yake tafiya gida. Da ya ji labarin ya ce in bi shi, in ga gari, in ga wuƙaƙen masu aiki da wuƙa. Muka tashi bayan an sauko daga masallaci, a kan babur ɗinsa. Mun tsaya a Malam Madori, garin da hanyar dogo ta Kano zuwa Nguru ta raya tun wajen 1930, lokacin da gyaɗa ke tashe. Yanzu riɗi ne ya gaji gyaɗa, mota kuma ta gaji jirgi. Muka ci ɗanwake da mai da yaji a wata rumfa, na naira 500 ya ishe ni har na rage. La'asar sakaliya muka shiga Haɗeja.

A gidan yayansa na kwana, kuma a nan na san bambancin ɗanyen kifi da wanda ya sha ƙanƙara. Tuwon shinkafa aka yi, shinkafar fadamarsu, da miyar tarwaɗa wadda da safiyar ranar take cikin ruwa. Maigidan ya yi ta tura mini gunduwa-gunduwa yana cewa, “Ci, Malam, ku a Kano kifin kwali kuke ci.” Da na yi maganar tafiya masaukin baƙi don kada in takura musu, ransa ya ɓaci sosai, sai da na ba shi haƙuri.

Da safe muka fara da bakin kogi. Ruwan nan ashe namu ne: kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, ya gangara ta fadamun Nguru, ya haɗu da na Jama'are, su nufi tafkin Chadi. Tun da aka datse shi a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, tafiyarsa ta sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Mun ga mutane cikin ruwa iya ƙirji suna saran ta da lauje da adda. Na tsaya ina tunanin yadda mu a Kano muke buɗe famfo ba mu taɓa tambayar me ya rage wa na ƙasa da mu ba.

Kasuwar kifi kuwa sai wanda ya gani. Ƙauri da hayaƙi tun daga nesa, kwalaye ɗaure da igiya ana lodin su zuwa Kudu, tarwaɗa a naɗe baki da wutsiya, ƙarfasa, ƙurungu mai ƙaya. Ni dai hannun masu gyaran kifi nake kallo. Wani magidanci yana zaune a kan kututture, kifi a hagu, wuƙa a dama, tsaga ɗaya, yatsa ɗaya, ciki ya fita, ya jefa a daro. Wuƙar baƙa ce, ƙotarta ta yi santsi, ruwanta ya sirance a tsakiya saboda washi har ya yi kamar lauje. Bayan kowane kifi goma sai ya goga ta a wani dutse da ke gefen ƙafarsa, sau biyu ta nan, sau biyu ta can.

Na gaishe shi, na nuna masa tabon yatsana, na ba shi labari. Bai daina aiki ba ya ce, “Malam, mai gaɓa ta ɗan birni ce, wanda zai yanke zare ya mayar aljihu. Mu nan jini da ƙaya da rairayi, ina za ka wanke cikin gaɓa? Wannan shekararta tara a hannuna. Sifirin mota ce.” Na ce a ina zan sami irinta. Ya ce, “A ina kake zaune?” Na ce Kaugama. Ya ce, “To me ya kawo ka nan? Babu maƙeri a ƙasarku? Ka sayi wuƙa inda in ta yi ciwo za ka mayar da ita ga mai ita.”

Duk da haka mun leƙa rumfunan maƙera da dukawa. Akwai manyan wuƙaƙen yanka, akwai askar wanzamai, akwai wuƙar damtse irin ta Buzaye mai zoben fata da ake zura hannu a ciki. Ta burge ni ƙwarai, amma baki biyu gare ta da tsini, kowa ya gan ta ya san ba don kankana aka yi ta ba. Malamin makaranta ba shi da abin yi da ita. Abokina ya bi da ni ta ƙofar fada, yana ba ni labarin Afrilun 1906, ranar da Turawa suka zo da manyan bindigogi, Sarki Muhammadu da jama'arsa suka tare su da takubba da masu har ya yi shahada, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Duk ƙarfen da aka riƙe a ranar daga hannun maƙera ya fito. Na tuna mu ma a Kano tarihin baka yana cewa maƙeri ne daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, garin ya samo asali. Jikokin masu wannan sana'a su ne yau muke wucewa a bakin kasuwa ba ma ko sannu.

Ranar Lahadi muka dawo. Na gaya wa mai gidana yadda muka yi da mai kifi, ya yi murmushi ya ce, “Ai da ma nan za ka dawo.” Ranar Laraba da yamma ya sa jikansa ya raka ni wani ƙauye da ke kusa, tafiyar rabin awa a ƙafa cikin rairayi.

Maƙerar rumfar kara ce a bayan gari, gindin wata tsamiya. Tun kafin mu iso muke jin masaba. Maƙerin dattijo ne siriri, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Uwar maƙerarsa a kafe take cikin kututture, ya ce ta kakansa ce. Zugazugin fata yana rataye a jikin rumfa, an daina aiki da shi. Yanzu wata fanka ce da aka haɗa da wilin keke, ɗansa yana juyawa da hannu ɗaya. Ko'ina lauje ne da fartanya da ruwan gatari, aikin kaka bai ƙare ba.

Na ce, “Sannu da aiki, Baba.”

Ya ce, “Yauwa, sannu Malam. Kai ne baƙon da ya yanke yatsa?” Ashe labari ya riga ni.

Bai tambaye ni wace iri nake so ba. Tambayata ya yi me nake yankawa, da wane hannu nake aiki, da kuma wace irin riga nake sawa. Ya sa hannu a aljihun kaftanina ya auna zurfinsa da yatsu. Ya kama tafin hannuna ya duba faɗinsa. Sannan ya ce ruwanta ba zai wuce tsawon yatsana na tsakiya ba, baki ɗaya, kuma ba zai yi mata tsini mai yawa ba. “Tsini na mai faɗa ne. Kai ciki kake so, inda ake yanka.”

Ya jawo guntayen ƙarfe daga wani tsohon daro, yana jefa kowanne a kan uwar maƙera yana saurare. Wanda ya yi ƙara a dushe ya ture shi gefe, ya ce rodi ne, ba ya riƙe kaifi. Wanda ya yi tsuwa, ƙararsa ta daɗe tana yawo a rumfar, shi ya ɗauka: guntun sifirin mota. Na tambaye shi farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa fa. Ya ce, “Wanda ba ya tsatsa ba ya jin magana. Baƙin ƙarfe in ka kula da shi ya kula da kai.”

Ya tura shi cikin gawayi. Gawayin ƙirya ne, ya ce shi ne mai zafin da ke daɗewa, amma itacen ya yi wuya yanzu, daga nesa ake kawo masa, kuɗinsa kullum ƙaruwa yake. Da ƙarfen ya yi ja ya ciro shi da awartaki, ya datse abin da yake so, ya shiga bugu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin gaggawarsa. Bugu biyar ko shida, ya juya, ya duba, ya mayar wuta. A hankali jela ta fito, wadda za ta shiga ƙota, sannan ruwan ya baje, baya da kauri, baki yana sirancewa. In ya bugi bakin sai ƙarfen ya lanƙwashe baya kamar ayaba, sai ya kwantar da shi ya daidaita. Ya ɗauki magagari ya bi shi har ya yi sumul.

Sai ban-ruwa. A nan ya ce wa ɗansa ya sassauta fanka, ya ce mana mu matsa daga hasken ƙofa, yana son ganin launin ƙarfen a inuwa. Da ya kai jan da yake nema, bai tsoma wuƙar duka ba. Bakin kaɗai ya taɓa wa ruwan kasko, ya yi cuu, ya ɗaga, ya tsaya yana kallon zafin bayan yana gangarowa zuwa bakin, sannan ya nutsa ta gaba ɗaya. Ya ce in ta sha ruwa da yawa za ta yi tauri ta karye kamar kwalba, in ba ta sha ba ta yi taushi kamar gwangwani. “Abin da ubana ya shekara goma yana koya mini ke nan. Sauran duk bugu ne, kowa ma ya iya.” Ya goga magagari a bakin, magagarin ya zame bai kama ba. Ya gyaɗa kai.

Ƙotar itacen marke ya yi mata. Ya huda, ya ɗan gasa jelar ya tura ta ciki tana hayaƙi, ya sa zoben ƙarfe a wuya don kada itacen ya tsage. Ya wasa ta a dutse da ruwa, ya gwada a gashin damtsen ɗansa, gashin ya zube. Ya juya ta ya miƙo mini ta ƙota.

Na ce nawa. Ya ce naira 2,000. Na tsaya ina lissafi: awa biyu na dattijo da ɗansa, da gawayi, da ƙarfe, da ilimin kaka da kakanni, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da na biya daga 'Yankaba ba. Raina bai so ba. Na ba shi 3,000, ya mayar mini da 1,000 ya ce in kai wa baduku, wuƙa ba ta tafiya tsirara. Ɗan nasa ya rako mu bakin hanya, a nan yake gaya mini shi kaɗai ya rage a maƙerar cikin su huɗu, sauran suna acaɓa da ga-ruwa a birane, shi ma rani yake jira.

Badukun a cikin Kaugama yake. Jar fatar akuya ya yanko, jimar bagaruwa, ya jiƙa ta, ya naɗa a jikin wuƙar, ya ɗinke da basilla ta baya, ya bar ta ta bushe a haka. Da ta bushe sai kuben ya kama ta, ko ka kifa ba ta faɗowa, ya haɗiye har rabin ƙota. Naira 1,000 ɗin nan ita ya karɓa. A aljihun gefe na kaftani take kwanciya, ba ta fi alƙalami biyu nauyi ba.

Ba na shiga aji da ita. A ɗaki nake barin ta sai an tashi. In zan tafi Kano ƙarshen wata kuma sai in rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, don shingayen hanya da idon mutanen birni ba su san Kaugama ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Amma daga Azahar zuwa dare tana jikina. Na koyi goge ta da zarar na yanka abu mai ruwa, in shafa mata ɗigon man gyaɗa. Ruwanta ya daina haske, ya koma toka-toka da dabbare-dabbaren lemo da rake. Da ita na yanka kazar da aka yi wa maiɗakina ranar da ta fara zuwa ganin wurin, bayan na koma bayan ɗaki na wasa ta inda kazar ba ta gani, kamar yadda aka koya mana.

Cikin Janairu, da hunturu ya tsananta, itacen ƙotar ya bushe, ruwan ya fara motsi. Na koma ƙauyen da yamma. Na tarar da dattijon shi kaɗai, jikarsa ƙarama tana juya masa fanka. Ɗan ya tafi cin rani. Ya karɓi wuƙar ya kai ta kusa da ido, ya bi bakin da babban yatsa, ya ce na iya washi amma ina danne hannu ta gefe guda. Ya fiƙe ɗan tsinken marke ya buga a wuyan ƙotar, ya matse zoben da bugu uku, ya ce in jiƙa ta a man gyaɗa ta kwana. Na sa hannu a aljihu, ya daka mini harara.

“Mayar da kuɗinka, Malam. In damina ta faɗi itacen zai kumbura, ka kawo ta in sake dubawa.”